Tabon Hannun Hajiya Mai Tuwo

Shekarun da na yi ina zirga-zirga tsakanin Kano da Guangzhou sun bar mini abubuwa da yawa, amma yawancinsu sun zube. Yau in aka tambaye ni sunan layin da nake sauka, sai na yi dogon tunani. Sai dai akwai wani baƙin tabo, faɗinsa bai wuce murfin kwalbar lemo ba, a bayan hannun wata baiwar Allah, wanda na tabbata ba zan manta da shi ba har ranar da za a kai ni makwancina. Abin ya faru ne a shekarar da Caina ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik.

Ni kayan yara nake sarowa. Tun da sassafe nake tafiya kasuwar Shahe, in kutsa cikin turmutsutsun masu jan buhuna, in yi ciniki da kalkuleta da nuni da yatsa, in ce wa mai shago "lawban", wato maigida, shi kuma ya ce mini "meyo", wato babu, alhali ga kayan ina kallo a bayansa. Kafin azahar ƙafafuna sun kumbura, cikina yana kiran ciroma. Daga nan ba inda nake nufa sai gidan Hajiya.

Hajiya 'yar zangon Kumasi ce, babbar mace, doguwa, mai murya kamar ta masu shela. Ta kama wani gida mai ɗaki biyu can saman wani dogon bene, ta mai da falon wurin cin abinci, ɗaki ɗaya nata, ɗayan kuma tana sauke mata irina da suka zo saro. Babu allo a ƙofa, ƙamshin daddawa ne allon. Tuwon shinkafa, miyar kuka, wake da shinkafa irin nasu na Gana mai ja-ja, ran Juma'a kuma dambu don mutanen Nijar. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Ranar da na fara sauka ta dube ni ta ce, "Kai yarinya, ka ci abinci?" Na waiwaya ina neman wanda take yi wa magana.

Akwai wata al'ada da ba wanda ya kafa ta, amma kowa yana bi. Duk wanda ya taso daga gida ba ya shiga wurin Hajiya hannu rabbana. Wannan ya kawo kuka, wancan busasshiyar kuɓewa, wani kanwa, wani yaji. Ni daddawa ce kasona, har kayana sun saba da warinta. Maza kuwa, a kan duk abin da suka kawo sai sun ɗora maganin zazzaɓin cizon sauro, irin mai ƙwaya ukun nan da ake haɗiyewa gaba ɗaya. Dalili, in ka shiga kemis a Guangzhou ka nemi shi, "meyo" za a ce maka. Mu kuma a wurinmu duk zafin jiki maleriya ce, ko a kan ƙanƙara ya kama ka. Saboda haka maganin ya zama babbar tsaraba, alamar cewa an damu da kai. Hajiya tana tara nata a wani gwangwanin biskit da ke kan firij.

Babban aikinta na shekara shi ne abincin buɗe-baki. Wani dattijo ɗan Maraɗi, wanda kowa ke kira Alhaji kawai don ba a haɗa shi da kowa, shi ne ke haɗa kan 'yan kasuwa duk azumi, a ba Hajiya aikin koko da ƙosai da tuwon jama'a na wata guda. Da wannan aikin take riƙe gidan sauran watannin. Ita da bakinta ta gaya mini cewa shekarar da aikin azumi ya kuɓuce mata, shekarar za ta naɗe tabarmarta ta koma Kumasi.

To, a bazarar shekarar nan gari ya yi tsauri. Ana shirin wasanni, sabunta biza ta zama aiki, ana tsayar da mutane a hanya a duba fasfo. Da yawa sun koma gida, waɗanda suka rage kuma kowa a tsorace yake. Ga zafi mai ɗanko, irin wanda kana fitowa daga wanka kake neman wani. Hajiya tana wuni gaban wuta, ta fito jiƙe sharkaf ta tsaya gaban na'urar sanyaya ɗaki. Mura da ciwon maƙogwaro suka sa ta gaba.

Wata safiya na fito na tarar da ita tana sosa bayan hannunta na dama kamar za ta cire fatar. Na ce, "Hajiya, lafiya?"

Ta ce, "Abin nan ne ya tashi kuma. Jiya na ji zazzaɓi, yau ga shi."

Na duba. Wani tabo ne, zagaye tsaf kamar an ɗora kwabo an zana, ya yi jajir da duhu-duhu, ya ɗan tasa. Ta ce zafi yake yi kamar an ɗiga mata mai. Washegari ya ɗuri ruwa. Bayan 'yan kwanaki ya fashe, ya bushe, ya saɓule, ya bar baƙin tabo. Ta ce ai ta saba, ya taɓa yi mata haka can baya, kuma kullum a nan daidai, ba ya matsawa ko da faɗin farce.

Da sau ɗaya ya yi ya tsaya, da ba wanda zai kula. Amma ba a jima ba zazzaɓin ya dawo, tabon ya sake tashi, wannan karon ya fi na da faɗi, har wani ƙarami ya fito mata a gefen leɓe. Matsalar kuwa, da hannun nan take kwashe tuwo, da shi take miƙa kwano. Mai cin abinci kuma ba abin da yake fara kallo irin hannun da ya miƙo masa.

Magana ta fara yawo. Wani ya ce shi ya taɓa ganin irin wannan a ƙauyensu, haka kuturta take farawa. Wani ya ce a'a, zazzaɓi mai zuwa yana dawowa ga tabo a fata, ai ciwon zamani ne, Allah dai ya kyauta. Masu sauƙin ciki suka ce jifa ne, wata mai abincin ce ta yi mata. Ba wanda ya faɗa a gabanta, haba, mu da kunya. Sai dai wanda ya saba cinye malmala uku ya zo ya ce yau azumin nafila yake yi. Wani ya leƙo ya gaishe ta daga bakin ƙofa ya ce sauri yake, kwantena ake lodi. Sannu a hankali tabarmar falo ta zama fili. Mutanen da suke rantsuwa ba za su iya cin taliyar Musulmin Caina ba, sai ga su a layi suna zuƙarta da tsinke. Ni ban daina cin tuwon Hajiya ba, kuma ba don jarumta ba ne: a gidan nake kwana, cikina kuma ba ya karɓar taliyar.

Hajiya ta fara sa safar roba in za ta kwashe tuwo. Wannan ya ƙara lalata al'amarin, don yanzu kowa ya ce ai ga shi ita ma ta san akwai abin ɓoyewa. Ranar da na ga ta juye rabin tukunyar miya a leda za ta zubar, ta zauna a kan kujerar tsuguno, wallahi ta ba ni tausayi. Mace mai wannan murya, a ce ta wuni ba ta daka wa kowa tsawa ba.

Na ce ta je asibiti. Ta ce Allah ya kiyaye, ana cewa duk baƙon da aka samu da mugun ciwo a wannan lokaci jirgi za a sa shi. Na ce wa ya ce? Ta ce ana cewa. A Guangzhou ta lokacin, "ana cewa" ya fi kowace doka ƙarfi.

Wanda ya karya mata wannan taurin kan wani likita ne ɗan Yamai, magidanci mai furfura a gemu, da ya zo ƙarin karatu a wata jami'a da ke Tianhe. Ran Juma'a yake zuwa cin dambu, kuma yana cikin 'yan ƙalilan da ba su ɗauke ƙafa ba. Ya kama hannun ya jujjuya, ya ce shi ba fata ce fanninsa ba, amma wannan bai yi masa kama da duk abin da ake faɗa ba. Ya ce zai raka ta wurin masu fata, shi zai yi tafinta. Sannan ya ƙara da cewa, duk abin da take haɗiya da sunan magani ta taho da shi.

Ta ce, "Ni ba na shan magani. Sai dai na zazzaɓi, shi ma in ya kama."

Ya ce, "Shi ɗin nake nufi."

Muka tafi mu uku a jirgin ƙasa, Hajiya rungume da gwangwanin biskit kamar mai zuwa biki. A asibitin, ban da fasfo da aka duba wurin yankar kati, ba wanda ya tambaye ta komai. Aka ɗebi jini, muka zauna jira. Likitar fatar wata 'yar tsohuwa ce ƙarama, gilashinta rataye a wuya. Ta daɗe tana kallon tabon, ta duba na leɓen, sannan ta buɗe gwangwanin. Sai da ta ɗago ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, don abin da ke ciki ya isa a buɗe ƙaramin kemis.

Ta yi tambaya, ɗan Yamai ya fassara: tabon kafin shan maganin yake tashi ko bayan an sha?

Hajiya ta yi tunani. Ta ce in ta ji zazzaɓi da yamma ta haɗiye ukun, kafin ta gama wanke-wanke wurin ya fara ƙaiƙayi. Tana faɗa ta yi turus, kamar wadda ta ji maganar daga bakin wani.

Sakamakon jini ya fito, babu maleriya, babu ciwon da ake tsoro. Zazzaɓin na mura ne da maƙogwaro. Tsohuwar ta jawo kujera ta yi bayani a hankali, ɗan Yamai yana juyawa zuwa Hausa, ni kuma na kasa kunne, don ban taɓa jin irin wannan ba.

Ya ce a cikin jiki akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu yaƙi da cuta. Idan cuta ta shiga wani wuri, ko fata, ko huhu, ko hanji, sai su taru a wurin su yaƙe ta. In an gama, yawancinsu mutuwa suke yi, wasu kuma su ci gaba da yawo a cikin jini. Amma akwai waɗanda ba sa tafiya ko'ina. Nan daidai inda aka yi faɗan suke tarewa, shekara da shekaru, sun riƙe kamannin abin da suka yaƙa. Ranar da ya sake leƙowa, ba sa jiran a aiko da taimako daga nesa. Nan take suke far masa, su kuma aika da saƙo sauran su taho, shi ya sa wurin yake ja, ya kumbura, ya yi zafi. Sau da yawa ma sun gama da cutar kafin mutum ya san ta shigo. Ya ce kamar maigadin da aka taɓa haura masa katanga ne, daga ranar ya ɗauke bencinsa ya dasa a gindin wannan katangar.

Hajiya ta ce, "To ai abin kirki ne. Ni me na yi musu?"

Ya ce abin kirki ne ƙwarai, da babu su da kullum muna kwance. Sai dai wani lokaci suna kuskure. Nata masu gadin, duk sanda maganin nan ya biyo jini ya iso wurinsu, sai su ɗauka tsohon ɓarawo ne ya dawo, su hau dukan fatar da suke gadi. Shi ya sa kullum wuri ɗaya ne, don a nan suke zaune.

Tsohuwar ta sake tambaya ko wani abu ya taɓa samun wurin tun da can. Hajiya ta ce tana yarinya ta yi wani ƙurji a nan da ya ƙi warkewa, har kakarta ta riƙa ɗaure shi da ganye. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ce ba za ta rantse shi ne ya ajiye su a nan ba, amma sau da yawa a kan tsohon ciwo ake samun irin wannan. Hajiya ta ɗaga hannun tana kallo, ta ce, "Tun ina talla kuke nan zaune? Ba albashi, ba hutu?" Muka yi dariya, har tsohuwar da ba ta ji abin da aka ce ba.

Aka ba ta man shafawa, aka ce ciwon ba ya yaɗuwa, ko da hannun ta tuƙa tuwon duniya. Baƙin tabon zai daɗe kafin ya dushe. Gargaɗin da aka fi nanatawa shi ne, kada ta ƙara kai wannan maganin bakinta, da shi da danginsa, don kowane karo abin ƙaruwa yake yi, wata rana yana iya saɓule mata baki da jiki gaba ɗaya.

Muka dawo da murna, muna zaton magana ta ƙare. Ina! Ɗan Yamai ya yi bayani a masallaci, aka ce Allah ya ƙara sauƙi, ba wanda ya dawo. Wani ma cewa ya yi, yaushe maganin da muka tashi muna sha zai ƙona mutum? Hajiya ta fusata, ta ce ita ta san abin yi: za ta tara su ran Juma'a ta haɗiye ukun a gabansu, su zauna su ga tabon ya tashi da idonsu. Ban taɓa jin ɗan Yamai ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya ce in ta yi haka babu shi babu ita, tuwo bai kai rai ba. Ta haƙura, amma ba da son ranta ba.

Duk wannan bidiri Alhaji ba ya gari, ya je Maraɗi. Aka rufe wasanni, azumi ya matso, sannan ya dawo. Tun kafin ya sauke jakarsa an cika masa kunne. Muka ji labarin har an fara magana da masu taliya kan abincin buɗe-baki.

Da la'asar ya zo. Ina zaune ina ƙulla buhunan kayana na ji sallamarsa. Mutumin da ya saba shigowa kai tsaye ya zauna kusa da fanka, ranar a bakin ƙofa ya tsaya, takalmansa a ƙafa. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida. Ya miƙo leda, bai bari hannunsa ya taɓa nata ba.

Ya ce, "Hajiya, ga 'yar tsaraba. Na ji mi ya hwaru, Allah shi ba da lahiya. Game da azumin bana, jama'a sun ga ya kamata ki huta."

 Hajiya ta durƙusa ta buɗe ledar a gabansa. Kilishi, tukuɗi, kuka. A ƙasa kuma ga maganin nan, kwali-kwali, an ɗaure da roba.

Ya ce, "Wannan na ƙaro da yawa, tunda an ce zazzaɓi ya matsa miki."

Ta miƙe ta ɗauko gwangwanin daga kan firij, ta zo ta zazzage shi a kan tabarma, nan daf da ƙafarsa. Ta cire safar robar ta ajiye. Sannan ta fara warewa da hannun mai tabo. Masu rubutun Turanci ta tura gefe, ta ce waɗannan na mutanen Kano ne da na Akara. Masu rubutun Faransanci ta tara su wuri guda, su ne suka fi tudu, ta ɗora sababbin a kai.

Ta ce, "Alhaji, waɗannan duk kai ka kawo, don ka fi kowa kula da ni. Likita ya ce shi ne ciwona. In na sha, nan ya tashi. In ban sha ba, ba komai. Tun da na daina, zazzaɓi ya zo ya tafi, ga hannu nan, duba."

Ta miƙa masa shi. Tabon yana nan baƙi ƙirin, amma a bushe yake, lafiya lau. Na ƙara masa da abin da na ji a asibiti, na masu gadi da katanga, iya yadda na riƙe. Ya saurara bai katse ni ba. Ya dubi hannun, ya dubi tarin da ke gabansa, ya sunkuya ya ɗauki kwali ɗaya yana jujjuyawa. Tambarin kemis ɗin unguwarsu ne a jiki. 

Can sai ya zare takalmansa, ya shigo, ya wuce wurin zamansa kusa da fanka. Ya jawo butar wanke hannu da kansa.

Ya ce, "Hajiya, da saura cikin tukunya?"

Ta ce, "Akwai." Ta shiga ta kwaso tuwo, ta mulmula shi da hannun nan ba safa, ta kawo ta ajiye. Ya yi bismilla ya ci, ya nemi ƙari. Da zai tafi ya kwashe magungunan duka ya zuba a ledar da ya zo da ita, ya ce ranar ɗaya ga wata a dama kokon da kauri, na bara ya yi ruwa.

Aikin azumi ya zauna a hannun Hajiya. Da aka ga Alhaji yana ci, sai masu azumin nafila da masu lodin kwantena suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowa da labarin inda ya shiga. Wasu ba su taɓa dawowa ba. Waɗanda suka dawo ta karɓe su, ba ta yi wa kowa gori ba. Amma na lura, tsokar naman da takan ɓoye a ƙarƙashin tuwo, tun daga lokacin ni da ɗan Yamai da Alhaji kaɗai muke tarar da ita. Na ce, "Hajiya, ashe ke ma kina da masu gadin nan a zuciya." Ta ce, "Kai yarinya, ci abincinka."

Yanzu na daina tafiye-tafiye, 'ya'yana ne ke yi. In suna haɗa kaya nakan ce su kai daddawa, su kai kuka, amma kada su ba kowa magani da sunan tsaraba, kuma in jikinsu ya yi zafi su bari a duba jini tukuna. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne, abin da ƙwayoyin nan suka yi wa hannun Hajiya, shi muka yi mata mu ma. Kowannenmu ya taso da tsoron wani ciwo da ya taɓa gani a gida, ya riƙe kamanninsa shekara da shekaru, da ya ga abin da ya yi kama da shi bai tsaya tambaya ba, ya hau dukan matar da ke ciyar da shi. Tun daga ranar, in na ji gabana ya faɗi a kan wani don ya yi mini kama da abin da na taɓa sani, nakan dakata in sake dubawa kafin in janye hannuna daga kwanonsa.